Ɓargon Yaya Isyaku

SHAFI NA 23

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Kwana biyu kun ji ni shiru, har wasu sun fara cewa na gudu da labari. Ina zan kai shi? Wuta aka hana mu, waya ta mutu. Masu turo min saƙo cewa Afra muguwa ce, na gani, ban hana ku ba, amma ku karanta wannan shafin tukuna.

Ga sababbin shigowa: Radiyya ce ke fama da kansar jini. A watan Janairu aka yi mata dashen ɓargo a Indiya, babban yayansu Isyaku ne ya ba ta nasa. Ya riga ta dawowa gida, a watan Fabrairu mota ta buge shi a kan babur, ya rasu. Lokacin tana kwance rai a hannun Allah, sai aka ɓoye mata, aka ce ya tafi Saudiyya kiwon raƙuma. Yau wata bakwai ke nan. Ƙanwarta Afra ce ke riƙe da wayarsa tana amsa mata saƙo da sunansa, kuma Afra ce ke ba mu labarin.

*

Tun da Dakta Hanifa ta cire tabarau ta ajiye a kan takardu na san babu alheri. Wata biyar muna zuwa wajenta a Kano duk bayan mako biyu, na haddace ta tsaf. In labari mai daɗi ne, tun daga bakin ƙofa take fara tsokana. Yau gaisuwa ma da ƙyar ta amsa.

"Radiyya, yaushe dasashinki ya fara jini?"

"Kwana shida ke nan, Dakta. Na ɗauka burushi ne."

"Wannan tabon na hannunki fa? Bugewa kika yi?"

"A'a. Tashi na yi na gan shi."

Dakta ta dubi Malam Ridwan, mijin Anti Radiyya, ta dube ni, sannan ta mayar da ido kan mai ciwon. Ita dama ba ta iya kwana-kwana ba.

"Ciwon ya dawo."

Malam Ridwan ya yi salati. Anti Radiyya ce kaɗai ba ta motsa ba, idanunta kawai ake gani a saman takunkumin da ta rufe hanci da shi.

"Watan jiya kika ce komai lafiya," in ji ta a hankali.

"Watan jiya lafiya ne. Jinin da ke yawo a jikinki duka na yayanki ne, ɗari bisa ɗari. Yanzu ya sauka zuwa saba'in. Tsohon ɓargonki mai ciwon bai mutu duka ba, ɓuya ya yi. Shi ne ya fara tsirowa."

"Mutuwa ce ke nan, Dakta?"

"Ban ce ba. Mun gan shi da wuri, sa'arki ke nan. Ki saurare ni. Daga yau za mu fara rage ƙwayar nan da ke danne garkuwar jikinki. Jibi ki dawo mu kwantar da ke, allura kwana bakwai, a karya ƙarfin ciwon. Amma allurar ba ta kashe shi, kwantar da shi kawai take yi. Abin da muke sa ran zai kashe shi jinin yayanki ne."

Na rungume jakata.

"A sake dashe?" in ji Anti.

"A'a, wannan ya fi sauƙi. Fararen ƙwayoyin jininsa za a ɗiba ta hannu, na'ura ta tace, a ranar ya tashi ya tafi da ƙafarsa. A ɗura miki, su bi ciwon su cinye shi."

Ban san lokacin da na yi magana ba.

"Dakta, ni fa? A ɗebi nawa mana."

"Afra, an gwada ki tun farko, ko rabi ba ku dace ba. Ɓargonsa ne a jikinta, nasa ake so. Yana ina yanzu?"

"Yana Saudiyya," in ji Anti.

"To a kira shi yau, ba gobe ba. Mako huɗu na ba ku. In ya yi yawa biyar."

Wallahi sai na ga idanun Anti Radiyya sun yi murmushi.

"In dai Yaya ne, Dakta, an gama. Ko a ƙafa ne zai taho."

Malam Ridwan ya kama tari, tarin da babu shi.

*

Muka shiga mota. Muna fita daga Kano Anti ta ɗauko wayarta ta kara a baki.

"Yaya, ni ce. Don Allah yau ka daure ka kira ni, ko ubangidan naka zai yanka ka. Ciwon ya dawo, Yaya. Likita ta ce sai kai. Ba irin na wancan karon ba ne, ta hannu kawai za a ɗiba. Ka yi haƙuri, na san na dame ka, amma ba ni da kowa sai kai. Ina tsoro, Yaya."

Ta tura.

Jakata tana kan cinyata. Wayar tana ciki, na naɗe ta da ɗankwali, na kashe mata ƙara kamar kullum. Ba ta yi ko motsi ba, amma ni na ji shigar saƙon a cikin cikina.

Muka hau gadar Wudil, kogi ya cika ya batse. Alhamis ce, tireloli sun fara jeruwa a bakin titi saboda kasuwar shanu ta gobe. Anti ta jingina kai da gilashi tana kallon su.

"Da Yaya yana nan, yau ba mai ganin ƙeyarsa. Mutum da sana'arsa, dillalin shanu guda, wai ya tafi kiwon raƙuman Larabawa. Ni har yau abin bai zauna min ba."

"Neman arziki ne," in ji Malam Ridwan, yana kallon titi kamar yau ya fara tuƙi.

Muna isa ƙofar gidan Inna a Sabon Garin Wudil ya ƙi kashe mota.

"Bari in je in sayo maganin nan."

"Maganin yana jakata," na ce masa.

"Akwai saura."

Babu wani saura. Shi ne fa ya kira mu daga Indiya ranar da aka binne Yaya, ya rantsar da mu kada wanda ya faɗa mata. Shi ya canza mata layin waya, shi ya ƙirƙiro raƙuman. Yau da abu ya zo wuya, shi ne na farko da ya tsere ya bar mu mata da kwancewa.

*

Na raka Anti ɗakinta na baya, ɗakin da ba mai shiga sai ya wanke hannu ya rufe hanci. Na fito na sami Inna a kicin tana tafasa mata ruwan sha. Kallo ɗaya ta yi min ta ajiye murfin tukunya.

"Me aka ce?"

Na faɗa mata duka. Ba ta katse ni ba. Da na zo kan jinin Yaya sai ta lalubi kujera 'yar tsugunne ta zauna.

Na fito da wayar na kunna mata saƙon, na rage murya. Muka haɗa kai muna ji. Da aka zo "ina tsoro, Yaya" Inna ta toshe bakinta da gefen zani.

"Inna, mu faɗa mata."

"A'a."

"Inna..."

"Na ce a'a! Ki rubuta mata cewa ubangidansa ya riƙe masa fasfo."

"Sannan me? Mako huɗu ya cika ta ce ya zo, mu ce mata me?"

"Allah zai kawo mafita."

"Wace mafita? Kabari zan je in tono shi?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai hannun ya faɗi a cinyarta. Da ma ta mare ni, da na fi jin daɗi.

Ku da kuke zagina, ba ku san me na gani ba. Ni ce nake tsare zaure wata biyar. Duk wadda ta zo dubiya sai na tare ta na ce, "Don Allah ta taga za ki gaishe ta, kuma kada a yi mata gaisuwar mutuwa." Inna gida gida ta bi unguwar nan tana roƙon mutane su riƙe bakinsu, kuma suka riƙe. Murja matar Yaya ta yi takabarta a ƙauyen Indabo ita kaɗai, ko sau ɗaya ba mu bar ta ta tako gidan nan ba. Da Babbar Sallah ni na je Kano na sayo doguwar riga baƙa, na fesa mata turare, na ce Yaya ne ya aiko daga Saudiyya. Anti ta saka ta yi hoto ta tura masa. Na shiga banɗaki na rubuta mata, "Kai, Hajiya guda!" Na fito na wanke fuska.

"Na gaji, Inna," na ce. "Wallahi na gaji."

"Ke kika gaji? Ni da na haife shi, ko kukan kirki ban yi ba don kada ta ji ta bango?"

Daga ɗakin baya muka ji murya.

"Afra! Inna!"

Na cusa wayar a aljihun siket. Muka wanke hannu muka shiga.

*

Tana zaune a bakin gado, ta cire takunkumi, wayarta a hannu. Fuskar nan ta yi fari fat.

"Ya saurara," in ji ta.

Na manta shaf cewa in aka buɗe saƙo, wanda ya turo yana gani.

"Kun gani? Alamar ta yi shuɗi. Minti goma sha biyu da suka wuce ya saurara. Bai ce komai ba."

"Ƙila yana cikin aiki ne," na ce.

"Wane aiki? Na ce masa zan mutu, raƙumi ya fi ni?"

"Anti, ki ɗan ba shi lokaci..."

"Wata bakwai nake ba shi lokaci, Afra! Wata bakwai ban ji muryarsa ba. Yau lasifikar waya ta lalace, gobe babu sabis a sahara, jibi Balarabe ya hana kira. Ni yarinya ce? Shiru kawai nake yi."

Inna ta tsaya a jikin ƙofa, ta ƙi ƙarasowa.

"Na san abin da ya faru," in ji Anti. "Zuga shi aka yi. Tun kafin mu tafi mutane ke ce masa in aka zuƙe ɓargon namiji ya gama yawo. Ya ba ni, ya dawo ya yi nadama. Shi ya sa ya gudu ya bar garin, don kada ya ga fuskata. Shi ya sa Murja ta ɗauke ƙafa."

"Ba haka ba ne," na ce.

"Haka ne mana! Da ya faɗa min gaskiya. Da ya ce, Radiyya, na ba ki sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Wallahi da na gode masa. Amma ya ji ina kuka ya ajiye waya? Ashe haka yake? Ashe duk son nan na ganin ido ne? To ki gaya masa, Inna, in na mutu kada ya zo ya ɗauki makarata. Ban yaf..."

"Kul!"

Inna ce. Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi haka ba.

"Kul, Radiyya! Kada ki ɗauki alhakin Isyaku."

Na juya na kalli Inna.

Shekarata ashirin da huɗu a duniya, ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Ɗan fari ne. "Yayanku" take cewa, ko "wancan", ko "mai shanu" in tana cikin raha. Ko a asibiti aka tambaye ta sunan babban ɗanta, sai ta juyo ta ce ɗayanmu ya faɗa.

Anti Radiyya ta ajiye wayar a kan katifa a hankali.

"Inna, me kika ce?"

Inna ta kawar da kai.

"Sunansa kika faɗa."

Hawaye suka zubo wa Inna, ba ta share ba.

"Inna, ina Yaya?"

"Yana inda ba a jin zugar kowa," in ji Inna. "Ya riga mu gidan gaskiya, Radiyya. Ki yi masa addu'a."

Na yi zaton za ta yi ihu. Na matsa kusa don in tare ta in ta faɗi. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Kallonmu kawai take yi ɗaya bayan ɗaya.

"Yaushe?"

"Watan Fabrairu," na ce. "Ranar Juma'a, yana komawa Indabo daga kasuwa. Mota ce ta buge shi. Ko asibiti ba a kai ba."

"Fabrairu."

"Kina killace a ɗakin gilashi na asibiti lokacin, zazzaɓi ya ƙi sauka. Malam Ridwan ya ce in kika ji ba za ki tashi ba."

"Fabrairu," ta sake faɗa. Ta fara lanƙwasa yatsu tana ƙirga watanni, ta tsaya a na bakwai. "To wa nake magana da shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ce wa nake magana da shi? Jiya da safe ya ce min in ci abinci. Waye?"

Na sa hannu a aljihu na fito da wayar. Ta gane ta nan take, da tsagewar gilashin da komai.

"Ke?"

"Anti, ki yi haƙuri."

"Ke ce Yaya?"

Na durƙusa a gabanta.

"Duk abin da na rubuta ke kika karanta? Da na ce masa ina jin tsoron kabari? Da na ce in na mutu ya ɗauki 'yata A'isha ya riƙe, kada a bar ta a hannun kowa? Ya ce min, 'Na ɗauka, ki kwantar da hankalinki.' Ke ce kika ɗauka?"

"Ni ce."

"Wasiyyata na ba matacce, Afra!"

"Zan riƙe ta, Anti, wallahi zan..."

"Rufe min baki!"

Jini ya ɓallo mata ta hanci, ɗigo biyu suka sauka a kan zaninta. Inna ta zaburo da tsumma, ta ture hannun.

"Kada ki taɓa ni, Inna."

"Don ke muka yi."

"Don ni? Kun san me kuka yi min? Wata bakwai kullum in na yi sallah sai na ce Allah ka dawo min da Yaya lafiya. Allah ka ba shi ubangida mai tausayi. Ko sau ɗaya ban ce Allah ya jiƙansa ba. Ko Ƙulhuwallahu ɗaya ban karanta masa ba. Mutumin da ɓargonsa ke cikin ƙashina! Bare ya yi masa addu'a, maƙwabci ya yi masa, ni ina nan ina saka riga ina yi masa hoto."

A nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba ne, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ciki ne, jikinta duka yana girgiza. Inna ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarta, wannan karon ba ta ture ta ba. Ita ma Inna sai ta saki nata, kukan da ta haɗiye tun watan Fabrairu. Ni na rasa wadda zan rarrasa, na haɗa kai da gwiwa.

Haka muka zauna har aka kira la'asar.

*

Anti ce ta fara yin shiru. Ta karɓi tsumman ta danne hancinta, ta jingina da bango.

"A ina aka binne shi?"

"A Indabo, kusa da Baba," in ji Inna.

"Gobe za a kai ni."

"Likita ta hana ki shiga mutane."

"Matattu ba sa tari, Inna. Gobe za a kai ni. Kuma zan ga Murja, in ba ta haƙurin abin da kuka yi mata."

Ban so in yi maganar ba, amma ita ce ke damuna tun daga Kano.

"Anti, Dakta Hanifa fa? Me za mu ce mata?"

Sai na ga abin mamaki. Ta share ido da bayan hannu, ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Allah sarki Yaya. Kamar ya sani."

"Ya san me?"

"Ranar da zai baro Indiya ya zo ya tsaya a bayan gilashi, muna magana ta waya ina kallon sa. Ya ce min, 'Ke, mutanen nan sun ɗebi jinina kamar sun sami rijiya. Sun sa miki wanda za su sa, sun rage leda biyu sun ajiye a ƙanƙara, wai ko ta ɓaci.' Har yana cewa in sun ga dama su yi kunu da shi." Ta ja hanci. "Ga shi ta ɓaci. Irin abin da Dakta ke nema ne, Afra. Yana can yana jirana. Ko a kabari Yaya bai bar ni ba."

Na dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

A watan Mayu ne, bayan Anti ta dawo gida. Saƙo ya shigo wayar Yaya daga asibitin Indiya, da Turanci, da takarda a maƙale. Suna tambayar mai jinin: akwai leda biyu naka a ajiye, ka yarda a ci gaba da ajiyewa ko ka janye? Makon nan ne kuma aka ce mana ɓargo ya kama ɗari bisa ɗari, har Inna ta yi sadakar waina. Mu a wajenmu ciwo ya tafi ke nan.

Na fassara wa Inna saƙon a kicin. Ta dube ni ta ce, "Wato an binne min ɗa, saura yana firji a ƙasar wasu kamar naman Sallah?"

Na ce jini ne kawai, Inna.

Ta ce, "Jinin ba jikinsa ba ne? Mabiyiyarsa ni na ga inda aka binne ta. Farce ma in an yanke rufe shi ake yi. Ta yaya zai kwanta daidai, wani abu nasa yana can cikin sanyi?"

Kwana uku ba ta ci abinci ba. Ba mu tambayi likita ba, don tambaya za ta tona mu. Ba mu gaya wa Malam Ridwan ba. A rana ta huɗu na je shagon buga takardu na fitar da takardar, na ɗauko katin ƙungiyar dillalai na Yaya, na kwaikwayi sa hannunsa har sau goma a bayan littafi kafin ya fito daidai. Na yi alama a wajen janyewa. Na ƙara da rubutu cewa don Allah a binne a ƙasa. Na ɗauki hoton takardar na tura musu.

Sau biyu suka kira wayar. Ina kallo tana haske, ba ni da muryar namiji da zan ɗauka da ita. Na rubuta musu cewa ina sahara babu sabis, kuma na riga na yanke shawara. Bayan kwana tara suka rubuto cewa sun aiwatar. Ranar Inna ta ci tuwo har da ƙari.

"Afra, ina magana kin yi shiru," in ji Anti. "Lambar matar nan mai kula da baƙi a asibitin tana wayar Yaya. Ni tawa ta tafi da tsohon layi. Ba ni."

Na ƙanƙame wayar.

"Bari in duba miki, Anti."

"Kin duba min na wata bakwai, ya isa. Ba ni."

"Caji ya kusa ƙarewa."

"Afra."

Na dubi Inna ko za ta ce wani abu. Leɓenta kawai ke motsi, ta ƙi ɗago kai.

Anti ta miƙo hannu, hannun nan mai tabo. Na sa mata wayar a tafi.

Ta shiga saƙonni tana ja da yatsa.

"Yauwa, ga ta nan. Ashe ma sun yi magana..."

Ta tsaya a kan saƙon asibitin. Malamar Turanci ce, ba ta bukatar mai fassara. Na ga idonta yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Ta danna hoton takardar, ta buɗe shi da yatsu biyu, ta matso da shi kusa da fuskarta. Jinin hancin ya dawo, ya ɗiga a kan gilashin wayar, ta goge da babban yatsa ta ci gaba da karatu har ƙasa.

Sannan ta ɗago.

"Afra, kin ce Yaya ya rasu a watan Fabrairu."

"E, Anti."

Ta juyo min da fuskar wayar.

"To wa ya sa hannu a watan Mayu?"